Dutsen da Addi Ya Sa Aka Fasa

Akwai wani mutum mai suna Addi, mai unguwar wani ƙauye a kudancin Maroko. A bayan ƙauyen akwai dutsen da mutanen dā suka zana shanu da raƙuman dawa a jikinsa. Daga ƙarƙashinsa ruwan da ke shayar da dabinonsu yake ɓuɓɓugowa.

Wata shekara wani kamfani ya zo kafa tashar wutar sola. Injiniyarsu ta ce wa Addi: "Hanyar manyan motocinmu za ta iya zagaye dutsen, amma aikin zai ja lokaci. Ko kuma mu fasa shi. Ka tuntuɓi mutanenka."

Addi bai tuntuɓi kowa ba. Burinsa wuta ta kama a garinsa kafin garin Bassu, mai unguwar maƙwabta, wanda suka daɗe suna gasa da shi.

Gwaggonsa Tuda ta same shi yana shan shayin na'a-na'a.

"Ɗana, da gaske ka yarda a fasa dutsen?"

"Haba Gwaggo, zanen shanu ne zai kunna miki firji?"

"Kakanka a gindinsa yake kwance. Ruwan kuma fa?"

"Ruwa ina za shi? Sha shayinki."

Ta ture kofin ta fita.

Aka dasa nakiya. Ƙarar ta tsattsage bangon masallaci, zanen ya koma tsakuwa aka shimfiɗa a hanya. Kafin lokacin tsinkar dabino ruwan ya fara ja da baya, daga nan ya ƙafe ƙaf. Bishiyoyi suka bushe a tsaye. Magidanta suka riƙa kulle gidaje suna tafiya birnin Agadir neman aiki. Tuda ta rasu ba ta sake taka gidansa ba.

Wutar kam ta zo.

Wata safiya Addi ya ɗora jarkoki a kan jaki ya nufi garin Bassu. Su mutanen can sun tsaya kai da fata sai da hanya ta zagaye dutsensu. Wutarsu ta makara, amma ruwansu na gudu.

Bassu da kansa ya cika masa jarkokin, bai yi masa gori ba.

"Gobe ma ka dawo, ɗan'uwa. Ka gaishe da mutanen gida. Su wa suka rage?"

Addi ya tuna gidajen da aka kulle. Ya ja jakinsa ya juya.

Darasi: Cigaba abin so ne, amma shugaban da ya raina shawarar mutanensa yana iya rusa abin da babu kamfanin da zai sake ginawa. Ku tura wa duk wanda aka damƙa wa amanar gari.