Ruwan da Aka Ƙi Sha a Gidan Mma Zelia

Akwai wani mutum mai suna Sulemana, haifaffen Nima, ɗaya daga unguwannin Hausawa da ake kira Zongo, wanda a shekarun 1980 yake riƙe da ofishin yaɗa labarai na wata jami'a a Accra. Duk abin da jami'ar za ta faɗa wa duniya ta hannunsa yake bi. Mutum ne mai ƙoƙari, ba zan rage masa ba, amma boko ya ɗan hau masa kai. Kullum maganarsa ita ce, "Ofis tsari gare shi, ba kamar Zongo ba da kowa rediyon kansa ne."

Wata ranar Juma'a da sassafe, ɓarayi suka tare wani ɗalibi a hanyar bayan ɗakunan kwana, suka daɓa masa wuƙa a ciki, suka gudu. Sunansa Garuba, ɗan Mma Zelia mai sayar da waakye, wato shinkafa da wake, a Maamobi, unguwar da ke manne da Nima. Aka kwashe shi zuwa asibiti. Da sauran ransa, amma ya zubar da jini mai yawa.

Ga shi kuma washegari bikin yaye ɗalibai ne. Magatakardan jami'ar ya kira Sulemana ya ce, "Manyan baƙi suna hanya. Ba na son jin kalmar wuƙa a rediyo, suna kuma kada ya fita sai bayan biki. Mahaifinsa kaɗai za a gaya wa. Wanda ya yi magana ba da izinina ba, ya kwashe kayansa."

Sulemana ya zauna ya tsara sanarwa mai santsi: an samu 'yar hatsaniya, wani ɗalibi ya ji rauni, komai ya lafa. Har yana yaba wa kansa.

Da rediyo ya karanta ta, sai hankali ya tashi. Wane ɗalibi? Wane irin rauni? A lokacin 'ya'yan Zongo da ke jami'a ba su da yawa, kowa ya san su, kuma babu tarho a gidaje. Wani direban trotro, wato motar haya, ya ce ya ji yaron da hula a kansa aka ɗauke shi, ke nan ɗan Zongo ne. Shi ke nan, duk uwar da take da ɗa a can sai ta fito bakin lungu tana tambaya.

Sulemana ya tura motar ofis da ma'aikata biyu, dukansu ba 'yan Zongo ba. Ya ce musu, "Ku nemi Baba Musah, uban yaron. In ba ya nan, kada ku buɗe baki ga kowa. Ku dawo."

To, ga abin da Sulemana ya sani tun yana ƙarami amma ya manta. A unguwar, baƙo ba ya faɗin abin da ya kawo shi sai ya sha ruwa. Mutum ɗaya ne ake gani ya ƙi ruwan ya nemi mai gida: wanda ya kawo labarin mutuwa.

Motar ta tsaya a bakin lungu. Mutanen suka shigo da baƙaƙen kwat. Mma Zelia ta bar tukunyarta, ta ɗebo ruwa a kofi, ta miƙa da hannu biyu.

Ɗayansu ya ɗaga hannu. "A'a, Mma, mun gode. Ina mai gida?"

"Ya tafi Kumasi sayen goro. Lafiya? Ni ce uwan Garuba. Yarona ne?"

Suka kalli juna. "Sai dai mai gida, Mma." Suka juya suka tafi.

Kofin ya suɓuce daga hannunta. Ba ta yi kuka ba da farko, zama kawai ta yi a ƙasa. Maƙwabciyarta Lamisi ce ta ɗora hannu a ka ta fasa ihu, kafin ka ce me gida ya cika da mata. Aka shimfiɗa tabarmi a waje. Aka tura mutum tasha ya bi mota zuwa Kumasi. Wani ya tafi wurin tela maganar likkafani.

Shi kuwa Sulemana, a hanyarsa ta zuwa sallar Juma'a ya biya asibiti. Likita ya tare shi ya ce, "Yaron nan jini yake buƙata, kuma ba mu da shi. Ina danginsa? In aka kai yamma, ban yi maka alkawarin komai ba."

"Mun aika wa mahaifinsa," in ji Sulemana. Ya faɗa ne kawai, amma tun daga nan zuciyarsa ta ƙi kwanciya.

Kowace Juma'a a masallacin unguwarsu yake salla. Ana sallamewa, ladan ya miƙe ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya yi wa Garuba ɗan Baba Musah rasuwa. Ana jiran gawa daga makaranta."

A bayan Sulemana wani saurayi mai suna Hudu yana faɗi da ƙarfi, "Chale, abokai, sun kashe shi sun ɓoye saboda bikinsu! Mu tafi ƙofan makaranta, su ba mu gawanmu mu rufe yau!" Samari suka fara taruwa.

A duk masallacin nan shi kaɗai ya san yaron yana numfashi. In ya yi magana, aikin da yake taƙama da shi ya tafi. In ya yi shiru, ga mutane cike da masallaci, kowa da jini a jikinsa, za su zauna makokin yaron da jini kawai yake jira. Wallahi ban so in kasance a matsayinsa ba.

Ya miƙe. "Jama'a, Garuba bai mutu ba. Daga wurinsa nake. Wuƙa aka caka masa, yana asibiti, jini ake nema yanzu-yanzu. Ban san wanda ya yi ba, ban kuma san ko zai tashi ba. Abin da na sani ke nan."

Masallaci ya kaure. Liman ya ce, "Duk mai lafiya ya nufi asibiti!" Samarin da suka shirya fasa ƙofar jami'a su ne suka cika trotro, Hudu a gaba yana naɗe hannun riga.

Liman ya riƙo Sulemana. "Uwar fa? Ba za ta yarda da bakin kowa ba. Kai za ka je."

Tafiyar daga masallaci zuwa gidan ba nisa, amma ta yi masa tsawo. Da ya shiga da kwat ɗinsa, matan suka juyo gare shi. Ga wani daga makarantar kuma. Mma Zelia ta ɗago jajayen idanu ta gane shi, domin tun yana ɗan firamare yake sayen waakye a wurinta.

Ta tashi da ƙyar, ta ɗebo ruwa, ta miƙa masa. Kowa ya zuba wa kofin ido.

Sulemana ya durƙusa, ya karɓa da hannu biyu, ya shanye tas.

Sai a lokacin Mma Zelia ta fashe da kuka. "Yana da rai! Lamisi, ya sha! Yarona yana da rai!"

Ya gaya mata komai, har abin da likita ya ce. Ta goge fuska ta dube shi. "Sulemana, kai ka san hanyan gidan nan. Tun safe ka sani?"

"Tun safe, Mma."

"Ni kuma tun safe na rufe ɗana a cikin zuciyata."



An samu jini kafin la'asar, Garuba kuma ya tashi. Ranar Litinin aka ɗauke Sulemana daga ofishinsa aka mai da shi ɗakin ajiye tsofaffin takardu. Mma Zelia kuwa, har ta tsufa, in mota ta tsaya a bakin lungu sai ta ajiye ludayi ta dafe ƙirji.

Darasi: In masifa ta faɗa wa ɗan wani a hannunka, kada ka fara tunanin sunan ma'aikatarka. Ka je da ƙafarka wurin iyayensa, ka faɗi abin da ka sani, ka faɗi abin da ba ka sani ba. Shirunka ba ya hana labari tafiya, sai dai ya bar uwa da mafi muninsa. Ku tura wa duk wanda aka damƙa wa amanar 'ya'yan mutane, ko malami ne ko shugaban makaranta.