Ragon da Baffa Labbo Ya Yanka

Akwai wata yarinya a Kamarawa, ƙasar Isa, ana ce mata Radiyya, ɗiyar Malam Wada manomin gero. Ita ce ta farko a zuri'arsu da ta taka jami'a. Can Sakkwato take karatun yadda jikin ɗan Adam ke aiki, jini da hanta da ƙoda, da irin abincin da ya dace da kowane majinyaci.

Yayan ubanta, Baffa Labbo, bai taɓa ganin kan abin ba. Duk hutu in ta je gaishe shi sai ya ce, "A'a, likitar tuwo! Shekara huɗu kina koyon abin da uwarki ta iya tun ba ta yi wayo ba?"

Mutane su kwashe da dariya. Ita dai ta sunkuyar da kai.

Tana shekarar ƙarshe 'yan bindiga sunka tare hanyar kasuwar Bafarawa, sunka kora mutane daji. Cikinsu har da Wada da maƙwabcinsa Usaini. Wata huɗu cur. Abincinsu tafin hannu guda na garin dawa, wata rana ma babu.

Ran da Allah ya kuɓutar da su, a amalanke anka shigo da su gari. Saude ba ta gane mijinta Wada ba sai da ya kira sunanta.

Radiyya na jin labari ta baro makaranta. Ta durƙusa gaban ubanta, ta kama hannunsa, duk ƙashi. Ta ji yadda zuciyarsa ke bugawa a raunane, sai ta juya wurin uwarta Saude ta ce:

"Inna, don Allah ki saurare ni. Jikin da ya daɗe da yunwa kamar tsohuwar katangar ƙasa ne, ruwan farko in ya yi ƙarfi rushe ta shika yi. In anka cika mai ciki yanzu, zuciyatai ba ta iya ɗauka. Kunu mai ruwa-ruwa, ludayi biyu, a dakata, a ƙara. Gobe za ni Isa in nemo mota mu kai shi asibiti a duba jininai."

Ta ba shi ludayi biyu, ta janye ƙwaryar. Wada ya bi ƙwaryar da ido.

"Radiyya, yunwa nika ji."

"Na sani, Baba. Ka yi mini haƙurin kwana kaɗan."

Sai da ta fita bayan ɗaki sannan ta yi kukanta. Ta share ido ta shiga gidan Usaini, ta faɗa wa matarsa Kadijatu magana guda. Kadijatu ta ce, "To, ɗiyata. Ke anka tura karatu, ba ni ba. Yadda kika ce."

Da safe Radiyya ta hau babur sai Isa. Ko ƙurarta ba ta kwanta ba, ga Baffa Labbo janye da rago.

"Mi nika ji? Ƙanena ya fito daga bakin kura, a tarbe shi da ruwan kunu kamar jinjiri? Mi mutane za su ce da gidanmu?"

Saude ta ce, "Yaya, Radiyya ta ce a bi a hankali..."

"Ita ta haife shi ko shi ya haife ta? Ɗora tukunya!"

Ba za ni ɓoye muku ba, jama'a, Labbo ba mugu ba ne. Wata huɗun nan bai yi barcin kirki ba saboda ƙanensa. Amma ƙauna in ta hau kan girman kai, ba ta da linzami.

Anka yanka rago. Anka tuƙa tuwo, anka dama fura da zuma, anka kawo lemun kwalba. Labbo da hannunsa yake yago tsoka yana miƙa wa Wada. Har gidan Usaini ya aika da kwano. Kadijatu ta karɓa hannu biyu, ta yi godiya, ta raba wa maƙwabta. Mijinta ya zage ta tas, ta toshe kunne ta miƙa masa ludayinsa biyu.

Da la'asar Radiyya ta dawo. Direbobi na tsoron hanya, mota sai jibi. Tana shiga gida ta ga fatar rago shanye a kan danga.

Ubanta na jingine da bango, hannunsa duk maiƙo, yana murmushi.

"Ɗiyata, yau na ƙoshi."

Labbo ya ce, "To, likitar tuwo, ga shi nan garau. Ina mutuwar?"

Ta roƙe shi da girman Allah a tsaya haka. Ya ce nama ba ya kwana uku, sai an cinye.

Washegari ƙafafun Wada sunka kumbura, anka ce ƙiba ce ta fara dawowa. Rana ta uku hannuwansa na rawa, numfashi na sarƙewa, yana kiran Saude da sunan uwarsa. Mota ta zo, sunka sa shi ciki. Kansa na bisa cinyar Radiyya, ana hango rufin gidajen Isa, ya cika.

Mutumin da ya sha wata huɗu a hannun azzalumai bai mutu ba, kwana uku a gidansa ya tafi.

Ran addu'ar bakwai, ana zaune ƙofar gida, sai ga Usaini tafe da sanda, a hankali, amma da ƙafafunsa. Ya zauna gaban Labbo ya yi gaisuwa. Ya ce, "Can daji Wada ya fi ni ƙarfi. Shi ka goya ni in na faɗi."

Labbo ya dubi ƙafafun Usaini, ya daɗe yana dubansu. Ya tashi ya shige gida, bai sake fitowa ba ranan.

Radiyya ba ta taɓa yi wa Labbo gori ba. Ta koma ta ƙare karatunta, ta dawo tana aiki da masu tamowa da masu ciwon suga.

Bayan kaka anka sako wani mutumin unguwarsu. Mata sunka taso da akussa da tire, sai sunka tarar da tsoho zaune ya tare ƙofar ɗakin da sandarsa. Labbo ne.

"Ba mai ba shi loma. Ku kira mini Radiyya."

Da ta iso ta rusuna ta ce, "Baffa, ina wuni."

Ya janye sandar, ta wuce.

Darasi: Ajali na Allah ne, amma an ce mu tambayi masu sani. Furfura ba ta karanta abin da ba ta karanta ba, kuma ba kowace ƙauna ce ake nunawa da cika kwano ba. Wanda ya daɗe da yunwa a bi shi a hankali, a kai shi ga masana. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila wani gida na shirin yanka nasa ragon.