Gyaɗar da Babu Ita a Cikin Kek

Akwai wani saurayi da 'yan gidansu ke kira Auta. Ya yi shekara shida a ƙasar waje, ya dawo da kwamfuta a jaka da ƙaiƙayin hannu. Komai ya gani a gidan sai ya ce yana buƙatar gyara.

Yayarsa kek take yi ta sayar. Wata rana ya ɗauki wayarta ya duba hotunan da take sawa a shafinta na intanet, ya kwashe da dariya.

"Yaya, wannan kek ne ko sabulun wanki?"

"Sabulun ne ya ciyar da kai jiya, marar kunya."

Duk da haka ta bar masa aikin hotunan. Kuma gaskiya ya iya. Da manhajar gyaran hoto yakan ƙara wa kek 'yan ramuka kamar na soso, ya sa gefensa ya yi ja-ja kamar yanzu aka fito da shi daga oben. Masu oda suka ƙaru, kan Auta kuma ya ƙara girma.

Sai wata mata mai shagon ɗinki ta yi odar kek, 'yarta za ta kai wa 'yan ajinsu. Sau uku tana jaddadawa: kada gyaɗa ta kusanci kek ɗin. Yarinyar ko ƙwara ɗaya ta ci, maƙogwaronta kumbura yake yi har numfashi ya gagara.

Yaya ta wanke kwanoni da maburgi sau biyu, ta yi kek fari sumul, ta ɗauki hoto, aka kai makaranta da safe.

Auta bai san da wannan magana ba, bai kuma tambaya ba. Ya kalli hoton ya ga ya yi fayau. Ya nemo hoton dakakkiyar gyaɗa, ya barbaɗa ta a gefen kek ɗin, ya yi wa kowace ƙwara inuwarta, har da 'yan ɓurɓushi a kan faranti. Ya sa a shafi, ya miƙe ƙafa.

Wajen ƙarfe goma sha biyu wayar Yaya ta yi ƙara. Daga inda Auta yake zaune yana jin ihun matar.

"Baiwar Allah, me na yi miki? Ga gyaɗa nan a hoto ina gani da idona! Tun ƙarfe goma suka yanka!"

"Wallahi ban sa ba, Anti, wallahi..." Yaya ta buɗe shafin, ta ga gyaɗa. Ta fara duba robobin kicin tana zargin kanta.

Auta ya ce, "Yaya, ni ne."

Ba ta ko zage shi ba. Ta ce, "Ɗauko kwamfutar."

Da suka isa makarantar suka tarar da matar a barandar ajin, ta riƙe haɓar 'yarta tana leƙa bakinta, mai tasi yana jira a ƙofa don a wuce asibiti. Malamar ajin tana ta cewa ita ba ta ga gyaɗa ba, amma uwar ba ta ji.

Auta ya durƙusa a gabanta ya buɗe kwamfutar.

"Anti, don Allah ki kalli nan."

Ya danna sau ɗaya, gyaɗar ta ɓace, kek ya koma fari. Ya sake dannawa, ta dawo.

"Sake," in ji matar.

Ya sake. Malama ta kawo ragowar kek ɗin a kwali, matar ta murtsuke shi da yatsa, ta shinshina. Ta sa kunne a ƙirjin 'yarta. Daga nan sai ta zauna daɓas a kan siminti tana "Alhamdulillahi" tana hawaye.

Da ta samu numfashi ta dubi Auta.

"Ɗan nan, kai hoto ka gyara. Ni kuwa daga shago zuwa nan sau uku na binne 'yata."

Auta ya kasa ɗaga kai. A nan a durƙushe ya goge hoton daga shafin, ya sa na gaskiya.

Yarinyar ta ja mayafin uwarta. "Mama, to in koma? Ban gama cin nawa ba fa."

Har Yaya sai da ta yi dariya, tana share ido.

Darasi: Ka gyara haske, ka gyara launi, amma kada ka ƙara wa hoton abinci abin da babu shi a cikin abincin. Abin da kake gani ado ne, wani da shi yake yanke hukunci a kan ran ɗansa. Kuma kafin ka gyara aikin wani, tambaye shi me ya sa ya yi shi haka. Ku tura wa duk mai sayar da abinci a waya, da ƙaninsa mai kwamfuta.