Na'urori Biyu a Ofishin Kawu Sagiru

Dalilin da ya sa kuke ganin na'urori biyu a ofishin kawunku Sagiru, ɗaya ta buɗe wa mutane shafi, ɗaya ta aika saƙon imel, labari ne marar daɗi. Ku zauna ku ji.

A da guda ɗaya ce. Kawunku da ƙanwarsa, innarku Uwani, su suka gina shafin masu ba da jini kyauta a garin nan. Idan marar lafiya na buƙatar jini, nas za ta sa sunanta da kalmar sirri ta shiga, ta ga lambobin masu irin jininsa, ta kira su. Manhajar da ke tantance mai shiga, ita ce kuma ke aika saƙonni.

Tun farko Uwani ba ta yarda da haka ba.

"Yaya, mu raba su," in ji ta. "Ranar da saƙo ya yi yawa, ƙofar ma za ta toshe."

"Mu biyu ne kacal, Uwani. Wa zai kula da abu biyu? Ki bari sai mun girma."

Ta bar zancen, don shi ne babba.

Shekara biyu ba abin da ya faru. Sai wata jajibirin sallah, da hantsi, Sagiru ya tura gaisuwar barka da sallah ga mutum dubu goma sha takwas a lokaci guda, ya rufe ofis ya tafi kasuwar raguna. Saƙonnin suka cunkushe, manhajar ta tsaya cak.

A daidai lokacin aka kai wata mata asibiti, Habi mai ƙosai ta bakin tasha. Ta haihu, jini ya ɓalle, kuma irin nata ba a cika samu ba. Nas ta sa kalmar sirri sau bakwai, shafi bai buɗe ba. Ta kira Sagiru, hayaniyar kasuwa ta hana shi ji. Ta kira Uwani, wadda ta hau babur ta taho ofis, amma makulli na aljihun yayanta. Kafin a ɓalle kwaɗon, Habi ta cika. Da shafin ya buɗe, sai ga masu irin jininta har uku, ɗaya ma a layin bayan asibitin yake.

Sagiru ya iso da igiyar rago a hannu.

"Faɗi mana," ya ce da ita. "Ki ce kin gaya mini."

"Me zai ƙara wa jaririyar, Yaya?"

A ranar sallah suka raba aikin manhajar gida biyu, ba wanda ya ci nama. Da suka gama, Uwani ta ajiye makullinta na sabon kwaɗon a kan tebur, ba ta sake taka ofishin ba.

Shi ya sa har yau mai buɗe ƙofa daban, mai aika saƙo daban, ko ɗaya ta mutu ɗaya na aiki. Kawunku shi kaɗai yake kula da su duka biyun.