Gizo da Farin Haƙori

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso.

Ta zo mu ji ta, Kawu.

Gizo dai kun san shi da goro. Ya ci, ya ci, har haƙoransa suka koma kamar jar ƙasa. Bai taɓa damuwa ba, sai da aka ce Ɓauna zai yi suna, yana neman mai fara'ar da zai tsaya ƙofa tarbar baƙi, ladansa cinyar rago guda.

Gizo ya ce wa matarsa, "Ƙoƙi, cinyar nan tawa ce."

Ta ce, "Maigida, da wannan bakin? In ka yi dariya jaririn ma sai ya firgita."

Abin ya tsaya masa a rai. Ya nufi gindin tsamiya wurin Balbela, gwanar wankin haƙori, wadda har Kada yake buɗe mata baki.

Balbela ta leƙa, ta girgiza kai. Ta ce, "Akwai asuwaki, amma sai mai haƙuri. Akwai gawayi da gishiri, ya fi shi sauri. Akwai kuma kanwa da lemon tsami, wannan sai da hannuna, kaɗan-kaɗan. Amma ka ji tun yanzu: launin da Allah ya ba ka zan mayar maka da shi, ba na wani ba."

Gizo ya ce, "Mai saurin, Gwaggo."

Ta shafa, ta goge. Ya leƙa ruwa, ja ya tafi, saura fatsi-fatsi. Ya ce, "Na Zomo sun fi haka. Ƙara."

Ta ƙara kaɗan. Suka yi kamar tuwon masara. Ya ce, "Ƙara."

Ta ce, "Iyakarsu ke nan, Gizo. Daga nan ba datti zan ci ba, haƙorin zan ci."

Ya ce, "Gaskiyarki." Amma tana juyawa wajen Kada, ya sunkuce kaskon kanwa da lemon tsamin ya shige ciyawa. Ya dirza, ya dirza, ya dirza, har suka yi fari fat kamar auduga.

Ranar suna Ɓauna na ganinsa ya ce, "Kai, Malam Gizo, tsaya ƙofa!" Gizo ya tsaya yana yage baki. Kowace iska ta shiga sai ya ji kamar an soka masa allura, amma ya daure, don ƙamshin gashi yana zuwa masa.

Aka kawo cinya, tana naso. Ya kai cizo, zafi ya harba har ƙwaƙwalwa. Ya gwada ta gefen hagu, hawaye. Ya gwada ta dama, ya saki ƙara. Aka miƙo fura mai sanyi ya kurɓa, nan ma ya dafe kai.

Ƙoƙi ta matso a hankali. "Maigida, a bar ta ta huce a banza?"

Ya daɗe yana kallon cinyar. Sannan ya tura mata. Ta zauna da haƙoranta masu ɗan ruwan ƙwai, ta cinye tas, har ta fasa ƙashin ta tsotse ɓargo. Ta ce, "Kai dai ci gaba da murmushi, ya yi maka kyau."

Gizo ya koma gida ya sha koko mai ɗumi-ɗumi, yana tunanin maganar Balbela.

To yara, haƙori don tauna aka yi shi. A wanke shi, a gyara shi, amma in gwani ya ce iyakarsa ke nan, a tsaya nan.

Ƙungurus kan kusu. Wanda ya sha rake ya je ya kuskure baki.