Ruwan Baƙo a Gidan Uwar Kwaɗi

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina.

Ta zo mu ji ta, Malam!

Uwar Kwaɗi ce ta haihu a rafin gangaren wani gari, sunansa ya ɓace mini. Kunkuru ya zo barka, ta kawo masa ruwa a ƙoƙo. Ya duba, ga shi shuɗi, har da kumfa.

"Ƙanwata, sha zan yi ko rini?"

Ta sunkuyar da kai. "Yaya, gari ne ya iso bakin rafi. Marina da mahauta duk nan suke zubowa. Ni na saba, jariran ne ko motsin kirki ba sa yi."

Kunkuru ya zubar, ya juye ruwan gorarsa a ƙoƙon, ya sa jariran ciki, ya goya. Suka nufi saman gari, inda ƙazanta ba ta kai ga rafin ba.

"Yaya, da wannan tafiyar taka sai sun yi jikoki!"

"Gudu nake yi fa."

Kafin su wuce gidan ƙarshe, yara sun yi ƙafafu. Da kansu suka faɗa ruwa garau. Uwar ta ɗebo, ta durƙusa: "Yaya, sannu da zuwa." Ya shanye tas.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu, wutsiyar kuwa na manta inda na ajiye.