Wanda Ya Sayar Da Irin Gari Ya Sayi Agogo

An yi wani mutum a wani ƙauye tsakanin Sabon Birni da Isa. Ba za ni faɗi sunansa ba. Shi dai bai cancanci a rufa masa asiri ba, amma yana da 'yan uwa masu mutunci waɗanda ba su ci ba, ba su sha ba, don su na bar sunan.

A ƙauyen nan akwai wata al'ada da suka gada. Idan damina ta yi gardama, aka girbe ɗan abin da aka samu, kowane magidanci zai zaɓi zangarniya mafi kyau ya ɗaure ta daban. Wannan shi ne iri. Ba sa ajiye shi a gidajensu. Sun san yunwa, sun san idan ɗa ya yi kuka uwa za ta daka ko mene ne. Sai kowa ya kai irinsa rumbu ɗaya, babban rumbun laka, a rufe bakinsa da ƙasa. Wani dattijo mai suna Wakili zai danna tafin hannunsa a kan ɗanyar ƙasar. Daga nan ba mai buɗewa sai ranar da ruwan shuka ya sauka.

Rumbun yana cikin gidan mutumin nan, a ƙarshen gari. Daga ubansa ya gaji riƙonsa. Uban kuwa, a wata tsohuwar yunwa, ya ci tafasa da yaɗiya shi da iyalinsa har cikinsu ya ɓaci, rumbu na cike a bayan ɗakinsa, bai taɓa ko ƙwaya ba. Saboda uban aka yarda da ɗan.

Ya 'yan uwa, gadon gida ana rabawa, amma tsoron Allah kowa nasa yake nema.

Mutumin nan yana da ɗan shago a Sabon Birni. A nan ya koyi duba kasuwar intanet a waya, a nan kuma ya faɗa son tsofaffin agogon hannu, irin na da, waɗanda ake murzawa ba batir. Yakan sayo ƙanana daga masu sayarwa na ƙetare, a aiko su Sakkwato, direba ya kawo masa tasha, ya sayar wa ma'aikata da 'yan kasuwa. Ban ce wannan haramun ne ba. Ciniki ne, kuma ya iya shi.

Ya iya shi ƙwarai. Zai ɗora agogo a tafin hannu ya ji nauyinsa. Zai kai shi kunne ya saurari bugunsa. Zai dubi rubutun fuskar, ya dubi lambar da aka zana a baya, ya dubi yadda tsufa ya ci gilashin. Kafin ka zauna ya gaya maka na asali ne ko jabu. Kuma yana da magana ɗaya da yake maimaita wa duk wanda ya zo koyo: kada ka sayi tsohon agogo sai an buɗe maka bayansa ka ga injin, don ƙarya a ciki take kwana.

Da yabo ya yi yawa, sai kai ya kumbura. Ya fara jin ƙauyen ya yi masa kaɗan. Ya fara kallon manoma kamar mutanen da ba su san komai ba sai fartanya.

Sai aka shiga shekarun fari. Wata shekara damina ta yanke gero na cikin bunni, yana shirin yin ƙwaya. Rijiyoyi suka ja baya. Makiyaya suka kora shanu kudu tun kafin lokaci, waɗanda suka rage ƙashin haƙarƙarinsu a waje. A wannan shekara abin da aka kai rumbun iri ya fi zinariya. Akwai wata tsohuwa, Fatu, mijinta ya rasu ya bar ta da jikoki. Ita da kanta ta ɗauko damminta a kai ta kawo. Ta ce masa, "Ɗan Malam, ga shi nan. Ko na zo ina kuka ina birgima, kada ka ba ni sai ruwa ya zuba."

Ya ce, "Inna Fatu, kwantar da hankalinki."

Aka yaɓe, Wakili ya danna hannu, kowa ya tafi ya ɗaure cikinsa.

Cikin rani mutumin nan ya hau tudun bayan gari, inda waya ke samun sabis, ya ga wani agogo. Wani mai sayarwa ne a ƙasar Turai ya sa hotonsa. Irin agogon da manya ke nema ido rufe. Ya dubi fuska, ya dubi lamba, ya dubi takardun da aka ɗauka hoto, duk daidai. Farashin kuma ya yi ƙasa da yadda ya kamata. Mai sayarwa ya ce na kakansa ne, yana cikin matsi, kuma tun da agogon ya fito daga masu ƙera shi ba a taɓa buɗe bayansa ba, buɗewa za ta rage masa daraja.

Ina dokar tasa? Ina abin da yake koya wa mutane? Kwaɗayi ya toshe masa baki. Tsoronsa kada ya matsa a buɗe, wani ya riga shi.

Abin da ke hannunsa bai kai ba. Sai Shaiɗan ya juya masa kai zuwa bayan ɗaki, inda rumbun yake. Ya ce masa: aro ne kawai. Ka sayar da iri yanzu da yake da tsada, ka sayi agogo, ka kai wa Alhaji Atiku a Sakkwato, mai tara irin waɗannan, ya ninka maka. Kafin ruwa ya sauka ka cika rumbu. Wa zai sani?

Ya tura matarsa ganin gida. Ranar kasuwa, gari ya watse, rana tsaka, ya shigo da wasu fatake ta ƙofar baya da amalanke. Ya fasa bakin rumbu. Ya kwashe irin gari, ya bar dammuna kaɗan. Don ya san mutane kan zo su ƙwanƙwasa jikin rumbu su ji ko cike yake, hankalinsu ya kwanta, sai ya zuba yashi da kara da ƙaiƙayi har wuya. Ya jera sauran dammunan a sama. Ya kwaɓa ƙasa ya yaɓe. Sannan ya danna nasa tafin a inda na Wakili yake.

Wa zai tsaya auna tafin hannu? Fatu takan biyo da yamma ta bugi jikin rumbun, ta ji shi dam, ta ce alhamdu lillahi, ta koma ta dafa wa jikokinta ganye.

Ya tura wa mai sayarwa kuɗin, amma agogo ya yi jinkiri a hanya. Bazara ta kai maƙura, hadari na haɗuwa yana watsewa. Liman ya ce a fita roƙon ruwa. Aka fita fili, maza da mata, tsofaffi na kuka, an juya riguna. Mutumin nan yana cikin sahu, hannuwansa a sama kamar na kowa. Bakinsa na cewa amin, zuciyarsa na cewa, ya Allah ka riƙe ruwan tukuna.

Ku ji fa, ya 'yan uwa. Dabbobi na mutuwa, yara na suma, mutum ɗaya yana tsaye gaban Ubangijinsa yana roƙon a tsawaita fari don agogo. Wane dutse ne wannan a ƙirji?

Agogo ya iso. Ya auna shi a tafi, nauyi ya cika. Ya kai kunne, yana bugawa. Ya ɗaura a hannu ya hau mota sai Sakkwato.

Alhaji Atiku ya karɓe shi a falo, aka kawo ruwan sanyi. Ya juya agogon, ya yaba. Sannan ya miƙo masa ɗan ƙarfen buɗewa ya ce, "To Bagobiri, buɗe muna mu gani."

Ya ce, "Alhaji, wanga ba a taɓa buɗe shi ba. Nan darajatai take."

Alhaji ya yi dariya ya ce, "Kai fa ka koya min. Ko yau dokar ta tsufa?"

Mutumin nan da hannunsa ya buɗe. A ciki akwai ɗan ƙaramin inji sabo, irin na agogon da ake zubawa a faranti a bakin tasha. An kewaye shi da farar roba don kada ya yi motsi. An liƙa darma a jikin murfin don nauyi ya cika. Fatar ta gaskiya ce, cikin kuwa yashi da ƙaiƙayi.

Ya zaro waya. Shafin mai sayarwa babu shi. Lambar ba ta shiga.

Yana nan zaune sai ya ji iska ta buga taga. Ƙanshin ƙasa ya shigo. Alhaji Atiku ya leƙa waje ya ce, "Alhamdu lillahi. Ka yi saurin komawa gida, wanga hadari daga wajenku ya taso, gobe shuka."

Washegari da hantsi ya isa ƙauye. Ƙasa ta jiƙu har gwiwar hannu. Tun daga nesa ya ga taro a ƙofar gidansa, kowa da ƙwarya da sungumi, mata na guɗa. Ba su jira shi ba, don ruwan shuka ba ya jiran kowa. Wakili ya sa an hau an fasa. Dammunan sama suka sauko, aka yi kabbara. Wanda ke sama ya sake zura hannu, ya fito da kara. Ya sake zurawa, ya fito da yashi, ya bar shi yana zuba ta tsakanin yatsunsa jama'a na kallo.

Guɗa ta tsaya. Wakili ya ɗauki ɓallin ƙasar da aka fasa, ya ɗora hannunsa a kan shaidar. Ba tafinsa ba ne.

Samari suka yi kansa da sunguma. Wani ya kama hannunsa zai tsinke agogon. Sai Fatu ta ratsa taro, ƙwaryarta wayam a hannu. Ta ce, "Kada wanda ya taɓa shi. Ku bar mai agogonai."

Ta tsaya gabansa ta ce, "Ɗan Malam, dube ni. Ni na yi ma wanka ranar sunanka. Jikata Habi ta kwana tana riƙe da ciki, na zo nan na bugi wanga rumbu na koma na ce mata ta yi haƙuri, abincinmu na nan. Ashe yashi nike ba ta haƙuri da shi. Ba ni yahe ma. Ba ni yahe ma nan, ba ni yahe ma gaban Allah. Lokacin shukarmu ka sayar ka sayi wanga abu, to ka riƙe shi. Allah ya bar ka da shi."

Ta kife ƙwaryar a gabansa ta juya.

Aka sayar da shagonsa da gonakinsa aka nemo iri a kasuwa. Kafin a same shi danshi ya tafi, sai da aka jira wani ruwan. Kuma irin da aka samo baƙo ne, na ƙasar da damina ke daɗewa. Nasu na gado, wanda ya san ƙasarsu yake nuna da wuri, yana can a gonakin waɗanda suka saya. Damina ta sake yankewa. Ƙauyukan da ke kewaye suka girbe abin da za su ci. Su kuwa geronsu ya tsaya kore shar, dogo, ba ƙwaya, har ya bushe a tsaye.

Gari ya watse. Magidanta suka tafi ci-rani, wasu ba su dawo ba. Fatu ta kwashi jikokinta ta koma wurin ƙanenta, ta bar ɗakin da ta yi aure a ciki. Al'adar rumbu ɗaya, wadda ta tsallakar da kakanninsu yunwa bayan yunwa, ta mutu a ranar. Yau a ƙauyen nan ko babban wa ba ya ba ƙanensa ajiyar iri.

Shi kuwa ba wanda ya doke shi, ba wanda ya kai shi gaban alƙali. Sun yi masa abin da ya fi duka. Idan ya zauna a inuwa, sai a tashi. Idan ya shiga sahu, na kusa da shi ya matsa. Dangin matarsa suka zo suka tafi da ita. Ya nemi mai sayen agogon ko a kuɗin goro, aka rasa, don labari ya riga shi ko'ina. Agogon ma bai kai kaka ba ya tsaya.

Ban ce ku yi wa kowa haka ba. Amma wallahi ban ga laifinsu ba, kuma ban ji tausayinsa ba.

Ni da idona na gan shi a wajen Isa. Riga ta yage, ƙafa ta faso, agogon na ɗaure a hannunsa da tsumma. Yana bin bayan gidajen mutane. Duk rumbun da ya gani sai ya tsaya ya ƙwanƙwasa, ya manna kunne, ya daɗe yana saurare. Sannan ya juyo ya tambayi wanda ke kusa, "Na gaskiya ne? An buɗe an gani?"

Ya 'yan uwa, wanda ya cuce shi yana wata ƙasa, bai san shi ba, bai san rumbu ba. To wa ya koya wa wancan ya zuba darma a agogo daidai lokacin da wannan ke zuba yashi a rumbu? Da mudun da ka auna wa mutane da shi za a auna maka, ko da daga bayan teku za a aiko shi.

Kai da ke riƙe da kayan marayu, kai da aka ba ajiyar taki ko hatsin taimako, kai da ake ƙwanƙwasa ka a ji ka dam saboda sunan ubanka, me ke cikinka? Kana cewa aro ne, za ka mayar kafin a tambaya. Shi ma haka ya ce. Ruwa bai yi shawara da shi ba, mutuwa ma ba za ta yi da kai ba. Akwai ranar da za a fasa bakin kowane rumbu a gaban taron da ya fi na ƙofar gidansa, kuma duk wata Fatu za ta zo da ƙwaryarta.

Allah ya isar wa duk wanda aka ci amanarsa. Allah ya sa cikinmu ya yi daidai da wajenmu. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ba mu masu riƙon iri na gaskiya. Allah ya kiyaye mu.